Kwalin Digiri da Kayan Mutane: Shin Karatu Mai Zurfi Yana Ƙara Sata a Kano ta Kudu?

Duk ranar da aka wayi gari an kwance wa manomi injin ban ruwa a bakin kanal, ko an kore wa wani shanun huɗa daga turke, maganar da ke biyo baya a majalisa ba ta cika wuce biyu ba. Wasu su ce jahilci ne, da yaran nan sun yi karatu da ba su taɓa kayan mutane ba. Wasu kuma, waɗanda kullum ƙaruwa suke yi, su ce ai karatun ne ma ya kawo mu nan: an kwashe yara daga gona an kai su jami'a, sun dawo da kwali, ba aikin ofis, ga shi sun fi ƙarfin fartanya, to me ake so su ci? Magana ta biyun ta cancanci a zauna a auna ta da gaske, domin in ta tabbata, uban da ya sayar da buhunan masararsa a kasuwar Tudun Wada ya biya wa ɗansa rajista, da kuɗinsa ya sayo wa unguwarsu ɓarawo. Ni dai ban yarda da ita ba a yadda ake faɗinta. Amma akwai wata gaskiya kwance a ƙarƙashinta, wadda masu kare boko ba sa son a tono.

Kafin a tambayi wanda ke sata, sai a fara sanin me ake sacewa. Dukiyar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a fili take kwana. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, noman rani ya zama jarin dubban gidaje, kuma jarin nan injin ban ruwa ne da tiyo da taki da buhun iri. Idan aka gangara Tudun Wadar Ɗankadai da Doguwa, ƙasar masara da shinkafa da rake, dukiya tana cikin rumbu da sito da bayan babur. Sai dabbobi, sai kuma dajin Falgore da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta cikinsa, wanda ya daɗe da suna wajen fashi da satar shanu, har ta kai a 2017 sojoji suka kai atisayen Harbin Kunama na biyu yankin, aka kuma mayar da wani sashen dajin filin horar da su. Wannan ita ce satar da mutumin ƙauye ke nufi idan ya ce sata ta yi yawa: sa, tunkiya, babur, waya, hatsi a gona kafin a girbe, wayar wuta a jikin taransifoma.

Masu zargin karatu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tun a 1938 masanin zamantakewa ɗan Amurka Robert Merton ya yi bayanin cewa talauci kaɗai ba ya tura mutum ga laifi kamar yadda tazarar da ke tsakanin abin da aka koya masa ya yi buri da abin da hannunsa zai iya kaiwa ta hanyar halal ke tura shi. To wa aka cusa wa buri kamar ɗan jami'a? Tun yana aji ɗaya ƙauye ke kiransa injiniya ko barista. Ya sha yajin aikin malamai, na 2020 da ya ci wata tara da na 2022 da ya ci wata takwas, ya yi bautar ƙasa yana karɓar alawus duk wata, ya ɗanɗana zaman birni da wutar lantarki da intanet, sannan rana ɗaya alawus ya yanke, ya dawo ɗakin da ya bari. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, adadin ya faɗo kashi 4.1, amma ko da sabon ma'aunin, rahotanninta sun ci gaba da nuna cewa rashin aiki ya fi yawa a cikin waɗanda suka wuce sakandare fiye da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Dalili a fili yake. Wanda bai yi karatu ba ba ya jiran kowa, dako ne ko ƙwadago ko acaɓa zai kama. Mai kwali shi ne ke zaman jira, kuma jira da kunya da bashin da iyaye suka ci dominsa haɗi ne mai haɗari. A kan wannan masu zargi ke ɗora labarin 'yan damfarar intanet da hukumar EFCC ke kamawa a garuruwan da ke da manyan makarantu, su ce ga zahiri, wace shaida kuma ake nema?

Masu kare karatu su ma ba da baki kawai suke magana ba. Gary Becker, masanin tattalin arziki, ya kafa a 1968 ra'ayin da har gobe ake gini a kansa, cewa mai niyyar sata yana auna riba da asara ko da bai san yana aunawa ba, kuma duk wanda yake da abin da zai rasa idan aka kama shi, albashi ko suna ko makoma, ya fi jin nauyin miƙa hannu. Lance Lochner da Enrico Moretti sun gwada wannan a Amurka a binciken da suka wallafa a 2004. Dabarar da suka yi ita ce duba jihohin da doka ta tilasta wa yara ƙarin shekarun makaranta, don kada a ce ai dama yaran kirki ne ke zama a aji. Suka samu kammala sakandare yana rage kamu da ɗauri, musamman a kisan kai da duka da satar mota. Stephen Machin da abokan aikinsa sun sami irin wannan a Ingila, inda a 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta daga 15 zuwa 16, laifukan taɓa dukiya suka ragu a cikin samarin da dokar ta riska. Sai dai fa duk wanda zai ɗauko waɗannan ya kawo Ƙiru, ya kamata ya yi adalci ya faɗi abu biyu. Na farko, ƙasashe ne da takardar makaranta take zama albashi, lissafin Becker kuwa a kan albashin ya tsaya. Inda kwali ba ya kawo komai, ginshiƙin hujjar ya yi rauni. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, binciken nan duk a kan sakandare suke, a kan yaro mai shekara 15 ko 16 da ake riƙewa a aji. Ba jami'a suka auna ba.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu son lissafi. Idan mutum ya jera ƙasashe masu tasowa, ko jihohi, ko ma ƙananan hukumomi, zai iya ganin inda masu digiri suka fi yawa nan rahoton sata ya fi yawa, sai ya yi tsalle ya ce ga dalili. Rodrigo Soares, masani ɗan Birazil, ya nuna a 2004 cewa yawancin wannan ruɗi ne: da ya gwama alƙaluman 'yan sanda da amsar da mutane ke bayarwa idan aka bi su gida aka tambaye su ko an taɓa yi musu sata, sai ya ga abin da ke ƙaruwa da ci gaba shi ne kai ƙara. Ma'aikacin da aka sace wa waya a Kano zai je ofishin 'yan sanda saboda layinsa da asusun bankinsa. Makiyayin da aka kore wa shanu a bayan Falgore zai fara zuwa wurin arɗo ne, ko mai unguwa, ko 'yan sa-kai, sau da yawa ma ya bi sawu da kansa, kuma asararsa ba za ta taɓa shiga littafin kowa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a Disamban 2024, duk da ce-ce-ku-cen da ya jawo, ya bi wannan hanya ta tambayar gidaje: ya ƙiyasta laifuka miliyan 51.89 tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024, ya ce Arewa maso Yamma ce kan gaba, karkara ta ɗara birni, kuma gidajen da aka yi wa fashi waɗanda suka kai ƙara ba su kai rabi ba. Yankin da ya fi kowane yawan laifi a wannan lissafi ba shi ne ya fi yawan masu digiri ba. Bayan haka, garin da jami'a ta sauka a cikinsa yana cika da wayoyi masu tsada da kwamfutoci da babura da ɗakunan haya da ake kullewa a tafi hutu wata guda. Hausawa sun riga masana Lawrence Cohen da Marcus Felson, da suka rubuta wannan a 1979, gane cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A irin wannan gari, ɗalibi shi ne wanda aka fi yi wa satar.

Mu dawo kan sa da injin ban ruwa. Satar shanu sana'a ce mai neman gwaninta: sanin daji da dare, sanin burtali da mashaya, iya kora garke ba tare da ya watse ba, sanin wace kasuwa ake cin ta yaushe. Ba a koyon ko ɗaya daga cikin waɗannan a ɗakin lacca. Yaron da ke da wannan gwaninta shi ne wanda ya tashi a bayan shanu, kuma mafi yawan irinsa ba ɓarayi ba ne, su ne ma na farko da ake talautawa. Amma idan aka kwashe garken ubansa, ba shi da takarda, ba shi da gona, abin da ya iya kawai ya rage a hannunsa. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya tun 1989, gwamnatin Ganduje kuma ta buɗe rugar zamani a dajin Ɗansoshiya da ke Ƙiru a 2020, duk saboda an gane a nan ramin yake. Haka abin yake ga mai kwance inji da mai yanke waya da mai ƙwacen waya da wuƙa, laifin da gwamnatin Kano ta ayyana a matsayin fashi da makami a 2023. Jihar da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙiyasta tana da yara kusan miliyan ɗaya da ba sa zuwa makaranta, har gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ba ta rasa inda ɓarawo zai fito ba balle ta je neman sa a cikin 'yan ƙalilan da suka kai jami'a. Wanda ya ga hotunan wasoson da aka yi ranar 1 ga Agustan 2024 a cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa a Kano, wurin da aka gina don koyar da matasa kwamfuta, ya ga shekarun masu ɗauke da kujeru da allunan kwamfuta a ka. Da yawansu ko gemu ba su fara ba.

To shi ke nan, an wanke masu kwali? A'a. A nan ne masu zargi suka fi gaskiya, sai dai sun nuna ƙofar da ba ita ba. Shi Lochner ɗin da ake kafa hujja da shi ya nuna a wani aikin nasa cewa laifukan biro, wato zamba da jabun takardu da cin amanar ofis, ba sa raguwa da yawan karatu, har ma akwai alamar ƙaruwa. Edwin Sutherland ya ja hankalin masana ga wannan tun 1939. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran harkar fansho, shekara 8 a kan kuɗin da suka haura Naira biliyan 2. Ko a ce kowane sa Naira miliyan ɗaya ne, shanu 2,000 ke nan a shari'a guda, ba tare da an taka ƙaya ko an ji haushin kare ba. Takin gwamnati da ke ɓacewa tsakanin sito da manomi, ma'aikatan bogi a takardar albashi, aji da aka biya kuɗin gininsa ba a gina ba, duk satar dukiya ce, kuma mutumin Doguwa ake yi wa, ko da yake ba zai taɓa zuwa caji ofis ya ce an yi masa ba. Amma a lura da wanda ke yin irin wannan. Ba mai kwalin da ke zaman kashe wando ba ne. Wanda ya sami kujera ne. Hujjar masu zargi ta ce rashin aiki ke sa mai digiri sata, zahiri kuma ya nuna babbar satar masu digiri a bakin aiki ake yin ta. Kwalin mabuɗin ofis ne kawai. Abin da ke sa a ɗiba shi ne sanin cewa ba mai bincike, in ma an bincika za a daidaita. Haka ɓarawon zaune, wanda ke karɓar san sata ya loda a mota ko ya wargaza babur ya sayar da kayan gyara, sau da yawa jari yake da shi da sanin manya, ba digiri ba.

Dattawa za su ce duk wannan dogon turanci ne, abin da ya ɓace tsoron Allah ne da tarbiyya. Ban musa ba. Sai dai tsoron Allah ba ya bin layin takarda. Akwai shi a tsangaya da jami'a, akwai rashinsa a duka biyun, don haka ba zai raba mana wannan gardama ba.

Inda nake ganin karatu mai zurfi yana haɗuwa da satar ƙauye da gaske, ta bayan gida ne, ta kan ƙane. A gidan manomi ba kowa ake iya kaiwa jami'a ba. Ɗaya ake zaɓa, a tara masa, sauran su jira sakamako. Idan ya dawo ya shekara uku yana yawo da fayil, shi kansa da wuya ya haura katangar wani, domin yana da sunan da yake karewa, yana da begen da bai mutu ba, kuma shekarun da aka fi afkawa sata sun riga sun wuce shi yana aji. Amma akwai yaro ɗan shekara 14 a gidan da ke kallonsa. Wannan yaron ne ke yanke hukunci cewa boko ƙarya ce. Uban ma, da ya ga inda masararsa ta tafi, ba zai sake matsa wa kowa ba. Sai yaro ya ajiye littafi a aji uku na ƙaramar sakandare, ya tafi tasha, ko haƙar kuza a Riruwai, ko ga-ruwa a birni, ya faɗa hannun waɗanda suka girme shi da ƙwaya a aljihu. Ba banza ba aka kafa cibiyar gyaran hali a Ƙiru. Wato dai ya fice daga makaranta daidai shekarun da binciken Amurka da na Ingila suka nuna zama a aji yana hana sata. Idan wannan fahimta daidai ce, digirin da bai haifar da aiki ba yana ƙara sata, amma a hannun wanda bai yi digirin ba. Kuma wannan ya bayyana abin da ya sa kowane ɓangare ke ganin shi ne mai gaskiya: mai zargi ya ga kwali ya yawaita sata ta yawaita, mai karewa ya leƙa bayan kanta bai ga mai kwali ba.

Za a ce to ai maganar ta koma gidan jiya, a daina tura yara jami'a ke nan tunda ba aiki. Wannan zai ƙara rura abin da ake gudu ne, domin yaro ba ya jure wa sakandare sai yana hango wani abu a gabanta. A toshe saman tsani, ba mai wahalar hawa matakin farko. Abin dubawa shi ne wane irin karatu ne ke komawa gida da amfani a idon ƙane. A Bagauda, cikin Bebeji, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, inda masu digiri daga ko'ina a ƙasar nan ke zuwa su yi watanni su tafi. Abin alfahari ne, amma ba ita za ta sauya lissafin yaron Ƙofa ko Daɗin Kowa ba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji, da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada, da cibiyoyin kiwo da na kifi da gwamnatin Kwankwaso ta kafa a Bagauda tsakanin 2011 da 2015, su suka fi kusa da wannan aiki, in an riƙe su da malamai da kayan aiki, ba a bar su suna buɗewa da rufewa da sauyin gwamnati ba. Yankin da ke da ruwan Tiga da masarar Doguwa da shanun Falgore da ma'adinan Riruwai yana buƙatar likitan dabbobi da mai gwajin ƙasa da mai gyaran injin casa da mai haɗa famfo mai aiki da hasken rana da malamin lissafi da zai yarda ya zauna a ƙauye.

Na san abin da za a mayar mini: ɗan talaka a ba shi sana'a, ɗan mai kuɗi ya karanta lauya da likita, haka ake gadar da talauci. Ƙorafi ne mai nauyi, kuma tarihin ilimi a Arewa ya ba mai yin sa dalilin zargi. Amsata ita ce likitan dabbobi da injiniyan ban ruwa ai digiri ne, cikakke, wasu ma sun fi tsawon shekaru. Bambancin shi ne mai su yana da kasuwa a ƙofar gidansu ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba. Yaron da Allah Ya ba kan karatun shari'a, a tura shi, a kuma tallafa masa da bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara a 2024. Amma ƙaramar hukumar da ke alfahari da yawan fom ɗin JAMB da ta saya wa matasa, ta fara ƙirga yara nawa cikin waɗanda suka gama aji uku na ƙaramar sakandare a Doguwa da Ƙiru suka koma aji huɗu bayan girbi, ta bi sauran gida-gida kafin tasha ta riga ta.